Ban Manta da Sauti Ba

Ranar addu'ar arba'in ɗin mahaifiyarku abubuwa uku suka faru a gidanmu na Gudu, su ne suka sa na ɗauki biro. Ke Sadiya kin buɗe tsohon akwatinta kin tarar da yadudduka a ninke a can ƙasa, duk yankan ƙananan yara, ba a taɓa ɗinka ko ɗaya ba. Kika tambaye ni, na kawar da kai. Kai kuma Kabiru na ji ka a falo kana ce wa matarka in za a yi wa gidan fenti, a fara zubar da tsohuwar igiyar nan da ke rataye a bango. Can da la'asar wani tsohon abokin aikina da ya zo gaisuwa ya riƙe hannuna a gaban 'ya'yanku yana dariya, ya ce, "Kun ga ogan da ya yi fim ya manta da sauti." Ku ma kun yi murmushi, don da wannan zolayar kuka tashi. Ban ga laifinku ba, ni ne ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba. To ga shi yau a rubuce. Ban manta da sauti ba. Da hannuna na cire shi, ina sane, kuma ko gobe aka mayar da ni wancan ofishin zan sake cirewa.

A lokacin ina sashen majigi na ma'aikatarmu. Aikinmu shi ne shirya finafinan wayar da kai, a loda su a mota a kai ƙauyuka. Duk finafinan da muka yi kamarsu ɗaya: Oga Darakta zai zauna a bayan teburinsa, tuta a dama, hoton shugaban ƙasa a sama, ya karanta jawabi da Turanci. Sai mu samo wani mai muryar rediyo ya fassara da Hausar da ko ni sai na nutsu nake ganewa. In muka kafa majigi a ƙauye mutane za su taru, su kalli Oga na ɗan lokaci, sannan su fara zamewa ɗaya-ɗaya, wannan zai duba akuya, waccan ta bar tukunya a wuta. Mu kuma mu dawo mu rubuta rahoto cewa jama'a sun amfana. Shekara da shekaru ina wannan aikin, kuma ba na jin kunyar cewa ban taɓa ganin aibunsa ba.

Sai aka sayo mana sababbin na'urorin tace hoto, aka turo wani dattijon Bajamushe ya koya mana aiki da su. Sunansa ya gagari harshenmu, muka sa masa Baba Jamus. Mutum ne marar yawan magana, kullum aljihunsa da gyaɗa. Wata rana na kunna masa fim ɗin da na fi ji da shi, ina jiran yabo. Ya kalla har rabi, sai ya miƙa hannu ya kashe sautin. Ga Oga nan bakinsa yana buɗewa yana rufewa kamar kifin da aka fitar daga ruwa.

Ya ce, "Yanzu me wannan mutumin yake faɗa?"

Na ce, "Ai ka kashe sautin."

Ya ce, "To ba fim ka yi ba, rediyo ka yi, ka liƙa masa hoto."

Na ji zafin maganar ƙwarai, har na ƙi cin gyaɗarsa ranar. Da zai koma ƙasarsu ya ba ni wani faifai ba ko rubutu a jikinsa. Ya ce tsohon fim ne na ƙasarsu, an yi shi tun zamanin da fim bai iya magana ba, kuma duk abin da ya sani a sana'ar nan a ciki ya koya.

Labarin ba shi da yawa. Wani gida ne na masu haƙar gawayi: uba, uwa da 'ya'ya maza biyu. Kullum uwar za ta buɗe aljihun tebur ta fito da cokali huɗu ta jera. Wata rana ramin ya rufta da babban ɗan. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, wanda ya shirya fim ɗin bai nuna ruftawar ba, bai nuna gawa ba, bai nuna jana'iza ba. Abin da ya nuna inuwar mutane huɗu ce a jikin bangon gidan, sun cire huluna, kafin su kansu su shigo. Washegari uwar ta buɗe aljihun tebur ta fito da cokali huɗu kamar yadda ta saba. Ta jera uku. Na huɗun ya tsaya a hannunta. Kyamarar ba ta hau fuskarta ba, ta tsaya a kan hannun, ta daɗe, ta daɗe har na fara motsi a kujera ina so a wuce wurin. Sannan hannun ya mayar da cokalin ya tura aljihun a hankali. Mijin kuwa bayansa kawai ake gani, yana tsaye a taga.

Na kalli fim ɗin nan ya fi sau ashirin, ina tsayarwa ina komawa baya, ina rubutawa a littafi. Na lura mutumin ba ya haska ɗaki duka, gefe ɗaya yake ba haske ya bar sauran a duhu, sai idonka ya je inda yake so ba tare da an ja ka ba. Na lura kyamararsa takan bi mutum a baya ta shiga ƙofa tare da shi, kamar kai ma ɗan gidan ne. Na lura duk tsawon fim ɗin sau biyu kacal ya sa rubutu a allo, kuma ko ban iya yarensu ba ban rasa komai ba. Babban abin da na koya shi ne haƙurinsa. Yakan nuna maka abu yana cike tun da farko, ya maimaita har ka saba da shi, don ranar da ya ragu kai da kanka za ka ji giɓin. Mutumin nan ya yarda mai kallo yana da hankali, mu kuwa a ofishinmu ba mu taɓa yarda da haka ba.

A shekarar ce ciwon huhu ya shiga shanun rugagen da ke bayan Bwari. Allurar rigakafi tana nan, amma makiyaya sun ƙi kawo dabbobinsu. An taɓa zuwa musu da alƙawura iri-iri ba su ga komai ba, suka daina sauraron duk wanda ya sauko daga motar gwamnati. Aka ce sashenmu ya yi fim, aka ɗora mini aikin. A daidai lokacin kuma sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma zuwa mataimakin darakta. Oga ya ɗauki jawabinsa tun kafin mu fita, ya ce ni dai in samo hotunan shanu da za a riƙa sakawa a tsakani.

Wadda ta kai ni rugar ita ce Dakta Ladi, likitar dabbobi, 'yar Gbagyi ce ta yankin, gajeriya mai saurin tafiya, Fulanin wurin duk sun san babur ɗinta. Ta haɗa ni da Arɗo Sambo, shugaban rugar, dattijo dogo wanda ciwon ya fi yi wa ɓarna. Tun a gaisuwar farko na yi kuskure. Na buɗe littafina na ce, "Arɗo, shanu nawa ka rasa?" Dakta Ladi ta taka mini ƙafa.

Ta ce a hankali, "Oga, ba a tambaya wannan a nan. Mutum ba ya ƙirga saniya nashi a gaban baƙo."

Ban daddara ba. Washegari na kafa kyamara a gabansa, na ce ya tuna da shanun da suka mutu, ni kuma zan ɗauki fuskarsa. Har da kawo masa karin magana, wai labarin zuciya a tambayi fuska. Ya dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya shigo zaure da takalmi.

Ya ce, "Malam, fuskar arɗo ba ta ba da labari. In na ɓata rai a gaban mutane saboda dabba, wa zai riƙe sauran?"

Ya tashi ya bar ni da kyamarata. Na koma gida ina ta huci, ina cewa mutanen nan ba a iya musu. Sai a hanya na tuna da hannun matar nan da cokalinta. Ashe sau ashirin na kalla ban koyi darasin ba. Na koma rugar ba kyamara, na yi kwana uku ina zuwa da sassafe, in zauna a gindin wata ɗorawa in yi shiru. A nan na ga dangwali. Doguwar igiya ce da ake ɗaurewa tsakanin turaku biyu, an yi mata zarge-zarge a jere, kowane maraƙi da nasa zargen, babba a farko har zuwa ƙarami. Da safe ake kwance su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya je ya kama nonon uwarsa kafin a tatsa. Arɗo da kansa yake wannan aikin. Na ga hannunsa yana bin igiyar, ya kwance wannan, ya kwance wancan. Da ya zo kan zargen da ba maraƙi, hannun bai tsallake ba. Ya tsaya, ya murza igiyar da babban yatsa, sannan ya wuce. Akwai irin wannan zargen da yawa, kuma kowanne sai da ya taɓa shi.

Na je na durƙusa na ce, "Arɗo, in ban ɗauki fuskarka ba, ka yarda in ɗauki hannunka?"

Ya juya tafin hannunsa ya duba. Sannan ya ce, "Ni na hana a yi allurar nan. Yanzu na ga abin da na gani. Amma bakina ba zai iya tsayawa a gaban mutanena ya ce na yi kuskure ba. In hannu zai iya, ɗauka."

Sati biyu muka yi muna ɗauka, da hasken safiya kawai, kafin rana ta yi ƙarfi. Na aro dangwalin wata ruga da aka yi wa allura na fara da shi, cike da maruƙa, na maimaita shi sau uku don ido ya saba. Na nuna ƙwaryar nono cike har baki. Na nuna haƙarƙarin saniya yana sama yana ƙasa, ba sai ka ji tarin ba. Na nuna inuwar ungulu ta gifta a kan mashekari, wato inda shanu ke kwana, ban nuna mushe ko ɗaya ba. Sannan hannun Arɗo a kan zargen da ba kowa, na bar shi ya daɗe kamar yadda fim ɗin cokalin nan ya koya mini. Sai ƙwaryar nono, yanzu da ƙyar ya rufe gindinta, da hannun matar da ke jujjuya ta. A ƙarshe bayan Arɗo, sanda a kafaɗa, yana kora shanunsa zuwa inda Dakta Ladi ke tsaye da allura, kyamara tana bin sa a baya. Da na zauna tacewa na gwada ɗora jawabin Oga a kai. Ban kai minti biyu ba na cire, don ji na yi kamar ana tallan magani a gidan makoki.

Aka shirya kallon farko a ɗakin taro na ma'aikata, Oga ya gayyato baƙi daga wasu ma'aikatun. Aka kashe fitila, fim ya fara. Bayan ɗan lokaci na ji kujeru suna motsi. Oga ya ce a duba waya, wani ya tashi yana bubbuga lasifika. Na miƙe na ce lasifika lafiyarta ƙalau, fim ɗin ne ba shi da sauti. Oga ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce wa baƙin matsalar na'ura ce, a yi haƙuri a sha lemo. Bayan sun watse ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Malam Isyaku, are you alright? Ina speech ɗina? Ka kawo mini igiya da ƙwarya, me zan nuna wa minista? Wannan ba Jamus ba ne, my friend."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don minista na yi ba. Waɗanda aka yi dominsu sun gaji da jin bakinmu."

Ya turo mini wata takarda da aka riga aka buga. An rubuta cewa kuskuren na'ura ne ya sa sauti bai fita ba, kuma na ɗauki alƙawarin mayar da jawabin da fassararsa.

Ya ce, "Sign kawai, ka gyara, file ɗinka ya wuce. In ba haka ba, akwai wuri a store. Ka je ka yi tunani zuwa Monday."

Ba zan zalunce shi ba, ba mugun mutum ba ne. Shi ma akwai waɗanda yake tsoro a sama, kuma tun da ya fara aiki bai taɓa ganin fim ɗin gwamnati da babu fuskar darakta ba.

A gida na tarar da wata shari'ar. Ku kun san mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, in ta fara magana ba ta neman taimakon kowa. Tana tuƙa tuwo tana yi, muciya tana amsa mata.

Ta ce, "Malam, kai kaɗai ne mai basira a duk Abuja? Sa'o'inka duk sun wuce ka, yanzu Allah Ya kawo naka, sai ka sa ƙafa ka shure saboda igiyar shanu? Wannan Baturen mai gyaɗa ya zuga ka ya koma ƙasarsu ya bar mu da kai. In an kai ka sito, shi zai zo ya taya ka zama?"

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ranar Juma'a na ɗauko biro sau biyu zan sa hannu a takardar. Na ce a raina mene ne a ciki, takarda ce kawai, kuma iyalina sun fi fim. Ran Asabar bayan azahar, kun tafi Islamiyya, tana zaune a falo da tiren shinkafa a cinya tana tsinta, sai ta ce, "Kunna mini abin nan, in ga abin da zai cinye mu."

Na kunna. Da farko tana kallo tana tsinta, har da tsaki. Da aka zo kan haƙarƙarin saniyar sai tsintar ta ragu. Da hannun Arɗo ya fara bin igiyar ya tsaya a zargen farko, hannunta ma ya tsaya a cikin shinkafar.

Ta ce, "Mayar da shi baya."

Na mayar. Ta sake kallo.

Ta ce, "Wannan na farkon, na wane ne?"

Na ce, "Na babban cikinsu. Wanda aka fara haifa."

A nan dole in faɗa muku abin da ba ma faɗa a gidan nan. Kun san kuna da yaya, Hauwa'u, wadda ƙyanda ta ɗauke tana da shekara biyar. Ke Sadiya kina da uku a lokacin, Kabiru yana goye. 'Yar fari ce, don haka ko tana da rai mahaifiyarku ba ta kiran sunanta saboda kunya, sai dai ta ce 'yar nan. Da ta rasu mutane suka yi ta yabon haƙurinta, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma sake ambatonta ba. Amma duk Sallah in ta je kasuwa yankan 'yan mata biyu take sayowa. Ta kai ɗaya wurin tela, ɗayan ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Ina gani, ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa cewa komai ba. Yaduddukan da kika gani ke nan, Sadiya.

Ta ajiye tiren ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin akwati. Ta daɗe a ciki, ni kuma na zauna ina kallon allon da ya yi baƙi, ina jin kunyar kaina, don sai a lokacin na gane abin da ya sa cokalin nan ya hana ni sukuni tun ranar farko. Da ta fito idonta ja ne.

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya faɗi abin da ke raina sai wannan dattijon, shi ma bai buɗe baki ba. In ka bari aka ɗora surutu a kan hannun nan, Malam, ban yafe maka ba."

Na ce, "Sito fa, Rabi."

Ta ce, "Ai mutane ne a siton."

Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tsinta. Ran Litinin na mayar wa Oga takardarsa yadda ya ba ni.

Shekara tara na yi a sito, tsakanin karyayyun kujeru da tsofaffin fankoki, har na yi ritaya a matakin da nake. Yaran da na koya wa riƙon kyamara suka zama ogannina, ina tashi in sun shigo. Maganar da Oga ya faɗa wa baƙinsa ita ta bi gari, daga matsalar na'ura ta koma wai na manta ban kunna makirufo ba. Kai Kabiru har faɗa ka yi a makaranta a kan haka, aka fasa maka leɓe, ka ƙi gaya mana dalili. Na sani, kuma abin ya ci mini rai fiye da rashin kujerar. Akwai safiyar da nakan tsaya a tashar Jabi ina jiran mota in ji kamar in juya gida. Ba zan yi muku ƙaryar cewa bai yi ciwo ba. Amma tun daga ranar Asabar ɗin nan mahaifiyarku ba ta sake yi mini gorin sa'o'ina ba, ko sau ɗaya. An ba wani ya sake fim ɗin da jawabi da fassara, an kai shi ƙauyuka biyu ko uku, sannan aka turo faifansa sito. Ni na karɓa na jera su a kan kanta, kuma na jera su da kyau.

Nawa kuwa Dakta Ladi ta karɓi kwafi ta sa a jakarta. Ba da sunan ma'aikata ba, ba mota, ba lasifika. Takan ari aji a makarantar firamare ranar kasuwa, a toshe tagogi da tabarmi, ta haska a bango. Sau ɗaya na bi ta, na tsaya a baya. Ajin ya cika da Fulani da Gbagyi, har da wani Ibo mai sayar da maganin dabbobi da matan da suka ajiye ƙoren nononsu a bakin ƙofa. Ba wanda ya nemi tafinta. Da aka zo kan zargen sai wata tsohuwa ta ce, "Wayyo," a hankali, wani dattijo kuma ya ja rawaninsa ya rufe baki. Ba wanda ya tafi duba akuya. Da aka gama suka daɗe a zaune, sannan wani ya tambayi Dakta Ladi wace rana za ta zo wajensu. Na fita waje na tsaya a bayan ajin, don ni ba arɗo ba ne, fuskata tana ba da labari.

Bayan damina biyu, ina zaune a sito, mai gadi ya zo ya ce wani Bafillace yana nemana a bakin ƙofa, sun hana shi shiga saboda ya ƙi ajiye sandarsa. Na sauko na tarar da Arɗo Sambo tsaye a rana, motocin manya suna wucewa ta gefensa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi dabbobi. Ya zaro wani abu a naɗe daga jakar fatarsa ya miƙo mini. Dangwalinsa ne, wanda na ɗauka a fim, ya yi baƙi da maiƙon hannu.

Na ce, "Arɗo, lafiya? Da me za ku ɗaure maruƙan?"

Ya ce, "Wannan ta yi mana kaɗan. Mun tufka sabuwa."

Ban tambaye shi maruƙan nawa ba ne, na riga na koyi wannan. Na raka shi har inda zai hau mota.

Na rubuta wa Baba Jamus wasiƙa na ba shi labari, ban sami amsa ba, wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa wanda ya shirya wancan tsohon fim ɗin ya mutu tun kafin a haife ni, bai taɓa jin sunan Bwari ba, bai san mene ne dangwali ba. Amma cokalinsa ya zo har rugar Arɗo Sambo ya yi aiki. Yanzu samari masu ɗaukar fim da waya sukan zo nan Gudu su same ni, wani ya gaya wa wani. Nakan sa su kunna abin da suka ɗauka, in miƙa hannu in kashe sautin, in tambaye su me ya saura. Wasu su ji haushi kamar yadda na ji, wasu su dawo. Ina alfahari da wannan fiye da yadda zan yi da kowace kujera, kuma ina so ku ma ku yi. In wani ya sake cewa ubanku ya manta da sauti, kada ku yi murmushi, kada kuma ku yi faɗa. Ku kawo shi falo ku nuna masa bango.

Ranar da na zo da igiyar gida na yi niyyar sa ta a cikin kayan aikina. Mahaifiyarku ta karɓa daga hannuna, ta warware ta, ta bi zargen da yatsa tun daga na farko. Sannan ta aiki Kabiru ya aro guduma a maƙwabta, ta hau kujera da kanta ta buga ƙusa. Duk shekarun nan ita take sauke ta ta kaɗe ƙura ta mayar.

Sadiya, yaduddukan nan ki kai wa tela a ɗinka, a raba wa 'yan matan da ba su da mai yi musu kayan Sallah, a ce daga Hauwa'u ne. Kabiru, ka yi fentinka, gida ya gode. In an gama ka nemi ramin ƙusar, ka mayar da igiyar inda ta rataye ta.